Ƙofar da Ke Kallon Gungu

Tun da Tanimu ya sauko daga motar Kaduna da wata doguwar takarda a naɗe ƙarƙashin hammatarsa, jikin Inna Barakatu ya ba ta cewa ba ziyara kawai ta kawo shi ba. Ko ruwan da aka miƙa masa bai shanye ba ya shimfiɗa takardar a kan tabarma, ya danne gefunanta da takalmansa, ya aika a kira Jabir magini.

Tanimu ɗanta ne na fari, ita kuwa Inna Barakatu irin matan da ce, masu riƙon kunyar ɗan fari kamar farilla. Shekararsa arba'in da tara a duniya, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. “Na Kaduna” take ce masa, shi ma sai in baya nan. In yana wurin kuma tana da magana, sai ta juya ga wanda ke kusa ta ce a ce masa, ko da kuwa gwiwarsa na gogar tabarmarta. A wannan zuwan, mai isar da saƙon ita ce autarta Murja, wadda ta zo daga gidan mijinta a Shanga don ta yi mako guda.

Tanimu ya bi zanen da yatsa, yana ta murna kamar wanda aka yi wa bushara. Za a rushe tsohon zaure a yi falo. Za a kewaye gidan da katangar bulo. Ɗakin Inna kuwa shi ne uban tafiya: tayil a ƙasa, silin a sama, banɗaki a ciki, don ta huta da tsallaka tsakar gida cikin damina da waɗannan gwiwoyin nata.

Jabir ya duba gangaren filin ya ce, “Banɗaki dai sai ta yamma, Alhaji, can ruwa ka gangarawa. Ƙofar can a toshe ta, a huda wata ta cikin hwalo.”

“Haka ni ma na zana,” in ji Tanimu.

Inna Barakatu tana daga gefe tana ɓare gyaɗa. Hannunta ya tsaya.

Ita wannan ƙofa ta yamma ba ta cikin ginin asali. Lokacin da aka datse kogi a Kainji ruwa ya taso ya cinye gungunsu, wato tsibirin da aka haife ta, Barakatu na ’yar shekara goma. Aka kwaso su a jirage aka zube a wannan tudu na ƙasar Ngaski, cikin gidajen da hukuma ta gina iri ɗaya. An kwaso tukwane da awaki da kalolin kamun kifi, amma ba a kwaso kabari ba. Mahaifiyarta, wadda ta rasu shekara guda kafin tashin, tana can gindin wani dutse a tsakiyar gungun, ruwa ya rufe ta har yau.

Sai dai duk shekara, in tabki ya ja baya a farkon damina, kan dutsen nan yakan leƙo, baƙi, ɗan mitsitsi daga nesa kamar tukunyar da aka kife. Yakan yi mako uku ko huɗu kafin ruwa ya sake haɗiye shi. Da ta yi aure, mijinta Malam Aliyu, Allah ya jiƙansa, ya lura kullum tana zagayawa bayan ɗaki tana tsayawa. Bai tambaye ta komai ba. Ya ɗauko guduma ya fasa bangon yamma, ya kafa ƙyaure. Tun daga nan, in dutse ya fito, a bakin ƙofar take zama da la'asar ta karanta wa uwarta Fatiha da Ƙulhuwallahu. Yaran gidan sun tashi suna ganinta a wurin, suna cewa Inna na shan iska. Ita ma ba ta taɓa gyara musu ba.

Da maza suka fita awo, ta kira Murja ɗaki.

“Ki ce ma na Kaduna shi bar min ƙohwata.”

“Inna, mi za ki yi da ita? Gara ta cinye ƙyauren, kuma ta nan sauro ka shigowa.”

“Ni dai ki hwaɗa mishi. Akwai abin da nika kallo ta nan.”

Murja ta leƙa. Watan sanyi ne, tabki ya cika fal, babu abin gani sai ruwa da kwalekwalen masunta biyu. Ta yi dariya ta fita. Inna na jin ta ta bayan bango tana cewa, “Yaya, Inna ta ce kar a hana ta iska. Ka san ta da zaman bakin ƙohwa.”

“Iska kawai?” in ji Tanimu. “Za ta sha iska har ta gaji. Jabir, ƙara fanka a lissafin kaya, babba. Banɗakin ma a yi masa taga.”

Saƙon da aka ba ɗan aike da dawa, ya isa da dusa. Inna Barakatu ta ji haushin Murja, ta fi jin haushin kanta. Ga shi nan, taku biyar tsakaninsu. Abin da ya rage ta ɗaga labule ta ce, kai wane, uwata na can. Ta tashi har ta kama labulen. Sai ta ji bakinta ya yi nauyi, don sunan da ba ka taɓa furtawa ba shekara arba'in da tara ba ya zuwa ranar da ka neme shi. Ta saki labulen ta koma ta zauna.

Washegari Tanimu ya zo sallama, ya durƙusa a bakin ɗakin, kansa a ƙasa. Yaro ne mai biyayya, wannan kam ba a raba shi da ita.

“Inna, kin ga zanen. In da abin da bai yi miki ba, a canza tun ba a fara ba.”

Ta juya fuskarta ga bango. Murja ta zuba mata ido. Da za ta faɗi dalilin, sai ta kawo maganar mutuwa da kabari da hawaye a gaban ɗan fari, ta zubar da abin da ta tsare tun ranar da ta haife shi. Ta yi shiru, shirun ya yi tsawo.

“Ka ga ta yarda,” in ji Murja. “Kunya ce irin tata.”

Ya tashi da farin ciki, ya hau mashin zuwa tasha.

Aka mai da ita ɗakin baƙi wata uku. Tana jin ƙarar guduma, tana ganin ana shigo da yashi da bulo. Ranar da Jabir ya cire ƙyauren da Malam Aliyu ya kafa, ya jingine shi a bayan murhu, bayan kwana biyu ma'aikata suka faskara shi suka dafa wake. Katanga ta tashi ta wuce kan mutum, ta haɗe da ta maƙwabci, ba ta bar ko hanyar akuya ta bayan gida ba. Ƙofar gida ta koma gabas, tana kallon titi.

Da aka gama, matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Suna shafa tayil, suna murɗa famfo, suna cewa Barakatu ta haifu, Allah ya ba kowa ɗa irin wannan. Tana amsawa da amin. Ba ƙarya suka yi ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da mugunta aka yi mata, da ta san wanda za ta kai ƙara wurin Allah.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Wata la'asar Sa'adiyya maƙwabciyarta, mai bandar kifi, ta shigo da waya a hannu.

“Inna, ga Alhaji shina son gaishe ki. Af, kin ko ji masunta sun ce dutsen gungunku ya hito? Bana ma da wuri.”

Muryar Tanimu ta fito daga wayar, yana tambaya ko ɗakin na yi mata daɗi, ko fankar na aiki.

Inna Barakatu ta dubi Sa'adiyya ta ce, “A ce mishi Allah shi yi albarka.”

Da Sa'adiyya ta fita, ta zauna tana auna tafiyar. Daga sabuwar ƙofar gida zuwa inda ake hango tabki, sai an bi titi an zagaye unguwa an gangara ta cikin duwatsu. Ita da ko masallacin mata ta daina zuwa, ina ita ina wannan. Ta dubi bangon yamma. Sai ta tuna da tagar.

Ta shiga banɗakin da ƙafar hagu. Tagar ’yar ƙarama ce, can sama kusa da silin. Ta kife bokiti, ta dafa famfo, ta hau da ƙyar. Ta tura gilashin. Ta saman katanga, ta saman rufin maƙwabta, ga tabki ya ja baya, ga kuma dutsen can, baƙi, daidai inda ta bar shi bara.

Hawaye suka zubo mata. Ta buɗe baki za ta ja Bisimilla, sai idonta ya faɗa kan masai a gefen ƙafarta. Ta tuna inda take tsaye. Ba a ambaton sunan Allah a nan.

Ta rufe bakinta. Ta daɗe tana kallon dutsen har ƙafafunta suka gaza. Sannan ta sauko a hankali, ta fito, ta ja ƙofar banɗakin. Ta shimfiɗa tabarmarta a kan tayil, ta fuskanci bangon da aka shafe da farin fenti, ta fara karanta Fatiha.