Launin Farce

Hajiya na ƙoƙarin kifa kwando kan 'yan tsakinta, mijinta ya ɗaga mata hannu, bai ko sauke madubin hangen nesa daga idonsa ba.

"Bar su su sha iska. Wannan ba ta cin kaji."

Tun da Malam ya yi ritaya daga koyarwa, tsuntsaye suka zama ɗalibansa, su kuwa ba sa yi masa musu. Ɗalibar da ya fi ji da ita wata ƙaramar shaho ce da ta mayar da tankin ruwansu wurin hutawa. Zuwanta ke da wuya 'yan tsaki suka fara raguwa, Malam ya ɗora wa kyanwar maƙwabta laifi. Abin yana ci wa Hajiya rai, don jikokin kazar da mahaifiyarta ta bar mata ne.

"Shahon nan iri biyu ne, kamar an tsaga kara," in ji Malam. "Ɗaya namijinsa bayansa ja ne sumul, fara da ƙwari kawai yake ci. Ɗayan bayansa ɗigo-ɗigo ne, shi ne ɓarawon."

"Ita wannan fa?"

"Mace ce, matan kuwa gashinsu kusan ɗaya. Amma dubi zanen kumatunta, bai yi duhu ba. Baiwar Allah ce."

"Kusan ɗaya, Malam?"

"Farce ne ke raba gardama. Mai cin fara nata fari, ɗayar baƙi. Da za ta matso kusa da kin gani."

Hajiya ta ajiye kwandon, ranta bai so ba, ta koma wanke-wanke.

Kamar ta ji roƙon Malam, shahon ta taso daga kan tanki, ta tsaya cak a iska tana kaɗa fukafukai, sannan ta faɗo tsakar gida daf da takalminsa. Kaza ta ɗau kururuwa. Malam bai taɓa ganinta kusa haka ba, ko madubin bai buƙata ba. Ta tashi da ɗan tsako mai ruwan toka yana tsuwa.

Hajiya ta goge hannu a zani, ta zo ta tsaya a kansa.

"Ka ga farcen?"

"Na gani."

"Wane launi?"

Malam ya rataye madubin a wuya, ya sunkuya ya ɗauki kwandon.

"Koro min su nan," in ji shi.