Hatimi a Kan Rubutun Mahaifin Malam Falalu

"A'a! Kada ka buga!"

Malam Misbahu ya miƙa hannu, amma ina, akawun ya riga ya danna hatimin. Shuɗin tawada ya zauna daram a tsakiyar tsohuwar takardar, ya hau kan layi biyu na ajami.

"Haba bawan Allah! Rubutun mahaifinsa ne fa, daga cikin Alƙur'ani aka zaro shi."

"Malam, duk takardar da ta shigo ofishin nan sai an buga mata hatimin karɓa," in ji akawun, ko ɗago kai bai yi ba. "Kuma yau ba zama, shugaban kwamiti ya tafi ɗaurin aure. Ku dawo Talata ta sama."

Malam Falalu, mai takardar, ya matso. Ya ɗauke ta da hannu biyu yana hura tawadar don ta bushe. Zuwansu na biyar ke nan gaban kwamitin sauraron koken ma'aikata, kuma har yau ba su ga ko hular shugaban ba.

Maƙwabta ne a Limawa, katanga ɗaya ta raba su. Malam Misbahu yana koyarwa a Islamiyyar unguwa, shi kuwa Malam Falalu malamin gona ne, ya yi shekara ashirin da tara yana zaga ƙauyukan Miga da Kiyawa a kan babur, kafin bara a miƙo masa takardar ritaya, wai ya cika sittin. Alhali ko hamsin da bakwai bai rufe ba.

Asalin abin ma abin dariya ne, in ba don ya ci mutum ba. Ranar da aka kai Falalu firamare a ƙauyensu, hedimasta ya jera yara, kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunne, haka ake gane wanda ya isa shiga aji. Falalu dogo ne tun yana yaro, hannunsa ya kama kunne har ya zarce. Hedimasta ya ce, "Wannan ai ya kai tara," ya rubuta. Shi ke nan, shekara uku suka hau kansa, suka bi shi sakandare, suka bi shi kwalejin noma, suka kwanta a fayil suna jiransa.

Da aka zo tantance ma'aikata, su uku aka samu da irin wannan matsala. Biyu suka kawo takardar rantsuwa daga kotu, aka karɓa aka gyara musu. Ɗayansu ma, Abdulkahar, layi ɗaya suka tsaya gaban hedimastan nan, sai dai shi surukinsa babba ne a ma'aikatar. Malam Falalu ya kawo irin takardar, aka ce ya makara, aka kuma rubuta a fayil ɗinsa cewa ya yi yunƙurin rage shekaru. Wannan layin ne ya hana shi sakat.

"Malam Misbahu, aikin ma in sun ga dama su riƙe," ya ce a cikin adaidaita sahu suna komawa gida. "Amma a ce ni maƙaryaci ne? Ni da manoma ke ba ni ajiyar iri?"

"Aikin ma sai sun mayar da kai, Yaya. Me ya fi wannan hujja? Ga rubutun mahaifinka da hannunsa: an haifi Falalu ran Alhamis cikin Rajab, hijira dubu da ɗari uku da tamanin da bakwai. Na lissafa na sake lissafawa, alif ɗari tara da sittin da bakwai ce ta Turawa. Su dai su zauna kawai in karanta musu."

"Wancan karon ai cewa aka yi ba mai karanta ajami a kwamitin."

"A Dutse! A garin da kowannensu ya yi makarantar allo! Wallahi rainin hankali ne."

Malam Falalu ya yi murmushi kawai, ya mayar da takardar cikin leda ya sa a aljihun gaba. Malam Misbahu ya lura wuyan rigar ya yi masa yawa.

Kwanakin da suka biyo baya, kullum da safe Malam Misbahu zai fito ya tarar da shi a dakalin ƙofar gida, sanye da kaya masu guga kamar mai shirin fita aiki. Damina ta kankama, manoma na biyowa ta nan da ganyen gero ko na wake a hannu, su nuna masa tsutsa ko tabo, ya gaya musu maganin da za su fesa. In sun tafi sai ya zauna yana kallon babur ɗinsa da ke jingine a zaure. Matarsa Ikilima ta aiko wa Malam Misbahu cewa ya yi wa Allah ya yi masa magana, ba ya cin abinci, maganin hawan jinin ma sai ta yi da gaske yake sha.

"In an gama zaman Talata zan ci har da ƙari," ya ce da Malam Misbahu ya tsare shi. "Yanzu ko na sa a baki ba ya wucewa."

Ran Talatar, da hantsi, Malam Misbahu ya tsayar da adaidaita ya yi sallama a zaure. Maimakon amsa sai ya ji salatin Ikilima.

"Malam, shigo! Shigo, ya faɗi!"

Ya same shi a tsakar gida kusa da randa, takalmi ɗaya a ƙafa, hula ta gangara gefe. Bakinsa ya karkace. Da adaidaitar da za ta kai su kwamiti aka kai shi asibiti. A hanya yana ta dafa aljihun gaba da hannun da ke motsi, har sai da Malam Misbahu ya ce, "Tana nan, Yaya, ban bari ta faɗi ba." Bai kai la'asar ba.

Ran sadakar uku sai ga mota daga ma'aikata, mutum huɗu cikin manyan riguna, har da Abdulkahar. Aka yi addu'a, sannan babbansu ya zaro takarda ya fara karantawa: ma'aikata na jimamin rashin tsohon ma'aikacinta, wanda ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya.

"Hamsin da bakwai," in ji Malam Misbahu.

Babban nasu ya ɗago kai daga takardar.

"Na'am, Malam?"

"Na ce hamsin da bakwai, da 'yan watanni. Kun ƙara masa yana raye, yanzu kuma kun biyo shi da su har kabari? Alhaji Abdulkahar, kai ka faɗa musu mana, ba tare kuka kama kunne ba?"

Abdulkahar ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Liman ya dafa gwiwar Malam Misbahu yana cewa a yi haƙuri, wurin makoki ne. Babban nasu ya ninke takardarsa, ya ce ai kwamiti ya zauna ran Talatar, da aka kira mai ƙara ba a gan shi ba sai aka rufe fayil. Suka shafa fatiha suka shiga mota.

Da jama'a suka ragu, Ikilima ta tsaya daga bayan ƙofar zaure ta miƙo Alƙur'anin a cikin gafakarsa.

"Malam, a gidansu in mutum ya rasu, a ƙarƙashin ranar haihuwarsa ake rubuta ranar rasuwar. Ni ban iya ba."

Malam Misbahu ya zauna a dakalin, ya zaro takardar daga ledar da ya ciro a aljihun mamacin. Ya nemi inda zai rubuta, sai ya ga hatimin ya cinye wurin, ranar karɓa da sa hannun akawu sun zauna daidai ƙarƙashin sunan Falalu. Ya juya alƙalami ya bi gefen takardar, ya rubuta ranar Talata da ƙananan baƙaƙe a ɗan farin da ya rage. Sannan ya ɗaga ta da hannu biyu yana hurawa har tawadar ta bushe.