Hijirar Maccido Mahauci

Shekarar da Nasara suka zauna da gindinsu, kasuwar Jega ta rabu biyu: masu cewa a yi hijira gabas, da masu cewa a zauna a ga ikon Allah. Maccido mahauci kuwa taƙamarsa ita ce shi na kowa ne. A rumfarsa ɓangarorin biyu ke haɗuwa su ci tsire su yi ta musu, shi yana barbaɗa yaji yana murmushi.

Amininsa Alu, manomin albasa daga Aliero, yana cikin masu yabon Nasara. Maccido yakan saurare shi, har ya ƙara masa tsoka. "Ni ra'ayin mutum bai dame ni ba," in ji shi.

Ran nan aka yi shela cewa Bature ya ce a fitar da mayanka bayan gari saboda ƙuda. Alu ya ce, "Wallahi wanga karo ya yi gaskiya, Maccido. Wari ya ishe mu."

Maccido ya fizge tsinken daga hannunsa. "Mi kac ce? Ashe da munafuki nike zaune!"

Nan take ya rantse ya bar ƙasar da Nasara ke mulki. Ya naɗe wuƙaƙensa a buzu ya kama hanya. Matarsa Iyatu ta biyo shi ƙofar gida tana cewa, "Maigida, gabas ba nan take ba." Gaskiyarta, don Maiyama ya nufa, wajen yayansa Yari.

Yari ya yi murna, ya tara maƙwabta su ga mai hijira. Ana cin tuwo ya ce, "Mu nan, duk wanda ya taɓa sayar wa Nasara da abinci, ba mu haɗa akushi da shi."

Maccido kuwa shi ke yanka wa kukun Bature cinya kowace ranar kasuwa. Ya yi gyaran murya ya ce ai ya kamata a riƙa yi wa mutane uzuri. Yari ya dube shi, ya dubi wuƙaƙen, ya janye akushin.

Washegari Maccido ya komo Jega yana ɗingishi, yana yi wa kansa dariya. Ya tarar mahauta sun kama wurare masu kyau a bayan gari, shi nasa ya faɗo daidai bakin juji. A nan ya kafa rumfa. Mutanen Jega suka laƙa masa suna Alhajin Maiyama, kuma in an kira shi da shi, amsawa yake.