Dariya Ta Bayan Bango

...ga ta nan kuma, dariyar, ta sake ratso bango. Bangon ma na katako ne, shi ya raba babban ɗakin karatu gida biyu, rabi nawa, rabi na sabon malamin nan. Darasi ɗaya, lokaci ɗaya, tsimi da tanadi ga ɗaliban wasu sassa, kowa ya shiga inda ya ga dama. Wa ya kawo wannan shawara a taron malamai? Ni. Ni da bakina na ce gasa tana gyara kasuwa...

Alli a hannuna, ina jan layin buƙata, yana gangarowa kamar kullum. Farashi ya hau, masu saye su ja baya. To ni me na tsawwala? Kujeru sun yi mini zuru. 'Yan injiniya sun tsere tun makon jiya, 'yan likitanci sun bi sahu, saura 'yan aikin gona can baya, su ma iskar fanka ce ta riƙe su. Wancan ma barci yake.

Sabon Dakta. Haka suke kiransa, har da lanƙwasa murya. Ɗalibina fa! Wanda ya zo hannuna bai san bambancin buƙata da sha'awa ba. A bakina ya ji misalin ruwan nan: kofin farko ga mai ƙishirwa rai ne, na biyu daɗi, na biyar sai a kau da kai. Shekara da shekaru ina faɗa, ko tari ba a yi. Shi kuwa ya shigo da jarka, ya sa wani ƙato ya yi ta ɗirka a gaban aji har ya ce a yi masa rai, aka ɗauki tafi. Wannan ilimi ne ko wasan kwaikwayo? Kishi nake, na sani. Kuma ya tare ni a baranda yana rusunawa, Malam an tashi lafiya — da ma rashin kunya ya yi mini, da na sami abin kamawa.

Kujerar gaba, gefen taga. Babu kowa.

Makara ta yi. 'Yata Auta ba ta makara... amma 'yan harhaɗa magunguna suna da gwaji da safe, ƙila an riƙe su. Ɗazu tana zuba mini shayi ta ce, Baba, ni ai ajinka nake ko kowa ya watse. Ban tambaye ta ba. Me ya sa ta faɗa tun ban tambaya ba? Tana ƙarama a kan cinyata take kwaikwayon layukan nan da jan biro, wai tsani take zanawa...

Ina muka tsaya? Zaɓi. Ina fuskantar allo, bakina yana aikinsa shi kaɗai: kada ku bi abin da mai saye ya ce yana so, ku dubi inda ƙafarsa ta kai shi, baki yana kara, ƙafa ba ta yi —

Dariya kuma. Wannan karon akwai wata siririya a saman sauran, mai ɗan shiɗewa a ƙarshe, irin ta mahaifiyarta sak.

A'a. 'Yan mata nawa ne a makarantar nan? Ai murya tana kama da murya...

Allin ya karye. Mai barcin nan ya farka, yana tambaya wai a rubuta wannan, zai fito a jarrabawa? Ku rubuta mana. Ku rubuta, gaskiya ne, ni na faɗa... hannuna ne dai ya ƙi komawa kan allon.