Murabus ɗin Sarkin Fawa Lauwali

Bayan la'asar Ashiru, wakilin dagaci, ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan Sarkin Fawa Lauwali, ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma. Sai da ya gaishe shi da gida da jiki, ya tambayi yadda gero ya yi bana, kafin ya iso ga abin da ya kawo shi.

Lauwali ya riga ya sani. Tun bayan babbar salla samarin mahauta na kasuwar ƙauyensu, a ƙasar Gwiwa, suke kai ƙararsa wurin dagaci. Laifinsa, ba ya bari a kayar da saniya sai wanda ya san mai ita ya zo ya shaida, gudun kada a yanka ta sata. Su kuwa suka ce kafin a nemo shaida rana ta take, masu sayen nama sun wuce kasuwar Roni.

"Baba Sarki, magana ta ƙare a sama," in ji Ashiru. "Sama'ilu za a ba sarautar. Saura yadda za a faɗa."

"Sama'ilun da na koya wa fiɗa?"

"Shi."

"To, a ce an ba ni hutu mana."

"Wannan na ma'aikatan gwamnati ne, Baba."

"A ce an dakatar da ni."

"Wanda aka dakatar ai ana sa ran dawowarsa."

Ashiru ya gyara zama ya shimfiɗa masa hanyoyi biyu. In murabus ya yi, ran kasuwa zai miƙa wa Sama'ilu wuƙar sarauta da hannunsa, ya sa masa albarka. In ya ƙi, za a aiko a karɓe ta, a yi shela an tuɓe shi. Al'adar mahautan garin kuwa, gidan da aka ƙwace wa wuƙa ba a sake naɗa ɗansa. Lauwali ɗa namiji ɗaya gare shi, Musaddiƙ, magidanci mai ’ya’ya uku, wanda bai san wata sana'a ba sai fawa.

"Amma murabus sai da dalili," in ji Ashiru, yana kallon tabarma. "Sai ka ce idanu ne."

"Idanu? Daga nan ina ganin tayarka ta baya ta suɗe, har zare ya fito."

Ashiru bai yi dariya ba.

Da baƙon ya tafi, Saude, matar Lauwali, ta fito daga zaure inda ta ji komai.

"Malam, kai ka ci zamaninka. Yaron nan fa? Kana so a riƙa ce masa ɗan tuɓaɓɓe har jikokinsa?"

"Ƙarya kike so in yi a gaban jama'a, Saude, da furfurata?"

"Ni ban ce komai ba. Tambaya na yi."

Ran kasuwa da hantsi Lauwali ya tsaya a bakin mayanka cikin babbar rigarsa. Ya ce idanunsa sun yi rauni, ba ya iya bambance lafiyayyar dabba da marar lafiya, don haka ya yi murabus don raɗin kansa, ba wanda ya tilasta shi. Ya miƙa wuƙar. Sama'ilu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, har da ƙwalla. Samarin da suka kai ƙararsa su suka fi kowa ɗaga murya wajen cewa, "Allah ya ba Sarki lafiya!" Musaddiƙ yana can baya, kansa a sunkuye.

Wata mai fura ta ce wa ta kusa da ita, "Wayyo, ashe shi ya sa yake ta neman shaida. Ba ya gani ne."

Ya juya zai tafi gida. A gabansa akwai kwatar da jini ke bi, wadda yake tsallakewa tun yana saurayi. Kafin ya ɗaga ƙafa, sai ya ji sabon sarki ya kama masa gwiwar hannu.

"A hankali, Baba. Kwata ce a gabanka. Ɗaga ta dama."

Jama'a na kallo. Lauwali ya ɗaga ta dama.