Almakashin Mai Guga

Ƙafarta ta dama ta hau, ta hagu ta ƙi bi. Matakalar lantarkin kuwa ba ruwanta da jiran kowa, tafiyarta kawai take yi. Sai ga Mai Guga a wage tsakanin ƙasa da sama, jaka na reto a wuya, tana salati tana dariya lokaci guda.

"Ɗago ɗayar mana!" Anti Inci ta daka mata tsawa daga baya, ta cafke igiyar jakarta. "Ko sai kin tara mana mutane?"

Ta ɗago. Matakalar ta kwashe su ta yi sama da su, shaguna na wucewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, fitilu ko'ina da rana tsaka. A tsakiyar ginin ruwa ne ke tashi daga ƙasa, ya kai tsayin mutum uku ya dawo, ba mai sha, ba mai wanki, don kallo kawai. Kai, birni! Ta zaro waya ta ɗauki hoton ruwan, ta ɗauki na rufin gilashi, ta ɗauki na ƙafafunta a kan matakalar, don ta san idan ba hoto ƙanwarta ba za ta yarda ba. Anti dai ba ta saki igiyar jakar ba har suka kai sama.

Watan Mai Guga bakwai a kamfanin ɗinki, kuma duk wata bakwai ɗin nan dutsen guga ne a hannunta. Ta zo da takardar shaidar koyon yanka da ɗinki mai hatimi har biyu. Anti, wadda ita ce babbar mai yanka, ta duba takardar, ta juya bayanta, ta nuna mata teburin guga da haɓa. Tun ranar ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba, sai Mai Guga, har sunan ya bi ta gida. Ita ma Antin laƙabi aka yi mata, don ba ta yafe wa tela ko rabin inci, sai dai ba a haifi wanda zai faɗa a gabanta ba. Shekararta ashirin da shida a teburin yanka.

Makon jiya mataimakiyarta ta bi mijinta wani gari, manaja ya ce Anti ce za ta zaɓi wadda za ta maye gurbin. Wurin nan da shi Mai Guga ke kwana, da shi take tashi. Amma da aka ce ta shirya ta raka Anti birni sayen yadi, ba ta yaudari kanta ba. Ta san ƙarfin ɗaukar kaya aka duba.

Bandir ashirin na shuɗin yadi suka zo saye, na rigunan wata makaranta guda ɗari huɗu. Dilan yadin ya ce ana sauke masa kaya, sai ƙarfe ɗaya zai saurare su. Haka awa uku na yawo suka faɗo wa Mai Guga daga sama, ita kuwa ta yi niyyar ba za ta bar ko minti ɗaya ya tafi a banza ba.

Ta fito da takardar saƙon gida. Mama filas take so, mai riƙe zafi har yamma, ba irin wanda aka kawo mata bara ba. Yaya ya ce bel baƙi. 'Yar Yaya kuwa kwana uku tana kuka a kan takalmi mai kawo wuta idan an taka. Mai Guga ta same shi a hawa na biyu, ta buga shi a tafin hannu, ya yi walƙiya ja da kore, ta saki ihu sai da mai shagon ya waiwayo.

"Ke ko kunya," in ji Anti. Ita ma dai ta ɗauki wani takalmi mara tsini tana juya shi. "Duba min lambar nan. Rubutun nasu kamar ƙafar tururuwa."

"Talatin da tara, Anti."

Rubutun ba wani ƙanƙane ba ne. Da safe ma a tasha haka ta ce a karanta mata lambar mota, wai rana ta kashe mata ido. Mai Guga ba ta kawo komai a ranta ba, hankalinta ya riga ya tafi kan lif ɗin gilashi da ke hawa da mutane a tsaye kamar kwalabe a kanta.

Da magiya ta sa Anti ta shiga. Daga hawa na ƙarshe garin gaba ɗaya ya bazu a gabansu: gine-gine masu ɗaukar ido, gada a kan gada, motoci ƙanana kamar ƙwaro, ga jirgin ƙasa yana tafiya a saman titi, a kan ginshiƙai. Mai Guga ta kira ƙanwarta ta bidiyo tana nuna mata, su biyun suna ta ihu ba mai jin wata. Ta sha askirim mai launi uku, ya zubo mata a hannun riga, ko a jikinta.

A hanyar saukowa ta hango shagon kayan ɗinki. Nan ta tsaya. Akwai abu ɗaya da ba ya cikin takardar saƙo, wanda ta daɗe tana yi wa tanadi. Ta zaɓi almakashi mai jan hannu, mara nauyi, mai sheƙi, ta rungume shi a ƙirji kamar an ba ta jariri.

Anti ta dube shi ta dube ta. "Me za ki yanka da shi? Zaren da ya fito a bakin wando?"

Maganar ta soke ta. Ta yi murmushin dole, ta tura almakashin can ƙasan jaka, ƙarƙashin filas ɗin Mama.

Jirgin ƙasan nan na saman titi suka hau zuwa kasuwar yadi, kafin su sauka daɗin ya dawo mata. Shagon dilan dogo ne, ba taga ko ɗaya, fararen fitilu ne reras a rufi, bandir jere har sama. Dilan ya taso da tumbinsa yana washe baki.

"Uwar ɗakina! Shekara nawa? Ga kayanki can na ware, lamba ɗaya, kamfani ɗaya."

Anti ba ta kula fara'arsa ba. Ta fito da ƙyallen samfur da makarantar ta bayar, ta ɗora a kan bandir na farko. Ta murza yadin tsakanin yatsu, ta ja shi tsaye, ta ja shi kwance, ta dunƙule shi a hannu ta saki ta ji ko ya yamutse. Haka ta bi su ashirin ɗin. Hannun nan nata ba ya ƙarya, kowa ya sani.

"Sun yi," ta ce. "Mai Guga, fara fitar da su bakin ƙofa kafin mota ta zo."

Ta saɓa biyu a kafaɗa ta fito. Daidai nan jirgin ya taho a sama da ƙugi, ta tsaya baki buɗe tana ƙirga taragu. Da ya wuce ta sauke kayan a kan benci, idonta ya faɗa kansu.

Ba launi ɗaya ba ne. A cikin shago kamar tagwaye suke, amma a rana ɗaya ya ɗan karkata wajen kore, ɗaya kuma ya fi duhu, yana neman ruwan tawada. Teburin gugarta a bakin taga yake, ta goge rigunan makarantar nan sama da ɗari uku a farkon zuwanta, ta san shuɗinsu kamar yadda ta san fuskar Mama. Ta kuma san yadda Anti ke yanka: jikin riga daga wannan bandir, hannu daga wancan, a jera ninki takwas a yanke lokaci guda. Riguna ɗari huɗu ke nan, jiki daban hannu daban, yara a tsaye a filin makaranta da hantsi kowa na gani. Za a dawo da kaya, kuma sunan da za a kira ɗaya ne, na Anti.

Sai lambar mota ta dawo mata, da lambar takalmi, da hannun da ya riƙe igiyar jakarta a matakala. Ashe ba ita ake riƙewa ba, Anti ce ba ta gani sosai.

Tsoro ya kama ta, tausayi ya biyo baya. Idan ta shiga ta faɗa a gaban dila da ma'aikatansa, ta tsinka matar da shekara ashirin da shida ba a taɓa gyara mata awo ba, teburin yanka kuwa sai dai ta gan shi daga nesa har ta tsufa. Idan ta yi shiru, kayan za su hau mota. Ta goge gumi, ta leƙa cikin shagon, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Anti! Don Allah ki zo ki ɗauke ni hoto, jirgin zai sake wucewa!"

Dilan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Baƙuwar birni kika kawo mana ke nan."

Anti ta fito fuu, ranta a ɓace. "Ke wace irin yarinya ce? Aiki muka zo ko..."

"Anti, ki duba waɗannan biyun," ta ce ƙasa-ƙasa, tana miƙa mata waya kamar da gaske hoton ne. "Rini biyu ne."

Anti ta tsaya. Ta sunkuya a kan bencin, ta kawo fuska kusa, ta ja baya, ta kare rana da hannu. Ta daɗe a haka. Da ta yi magana, muryar ba wadda aka sani a kamfani ba ce.

"Wanne ne mai duhun?"

"Na hagu."

"Tun yaushe kika gane?"

"Yanzu da na fito da su."

"Ba yadin nake nufi ba."

Mai Guga ta sunkuyar da kai. "Shi ma yanzu ne, Anti."

Anti ta miƙe, ta gyara mayafi, ta juya cikin shagon, sai ga tsohuwar muryar ta dawo da ƙarfinta. Ta ce da dila ita zai haɗa wa rini biyu? Ta ce a fito mata da bandir ashirin ɗin nan rana, yanzu-yanzu. Aka jere su a bakin titi, masu wucewa na ratsewa.

"Ware min su, Mai Guga. Bayana ba ya son sunkuyo."

Ta durƙusa da samfur a hannu tana bi ɗaya-ɗaya. Sha uku suka dace, bakwai suka fita. Dilan ya sa tabarau ya cire, ya rantse shi ma haka aka kawo masa, lamba ɗaya ce a jiki. Ya sa aka dinga fito da wasu daga ciki, ita tana karɓa tana mayarwa, har bakwai suka cika. Ƙarfe uku aka ɗaure kaya aka loda a motar da za ta kai su kamfani.

Manaja ya kira. Mai Guga na tsaye tana kakkaɓe gwiwa ta ji Anti na cewa, "An so a haɗa mana rini biyu, amma an kama. Kaya na hanya." Shi ke nan. An kama. Ba wanda ya kama, ba sunan kowa. Ta ɗauki jakarta. To, ai dama ɗaukar kaya ta zo yi.

Sun kusa tasha Anti ta tsaya cak. "Kawo almakashin nan."

Ta tono shi daga ƙarƙashin filas. Anti ta ninka ƙyallen samfur sau uku, ya zama ninki takwas, ta sa masa baki. Almakashin ya tauna ƙyallen, ya cije, ya ƙi wucewa.

"Kayan wasan yara. Mu koma."

"Anti, motar ƙarfe huɗu..."

"Akwai ta biyar."

A shagon kayan ɗinkin Anti ta ajiye mai jan hannun a kan teburin mai shago, ta ce a fito mata da na aiki. Ba ta ko kalle su ba. Ta riƙa ɗaga kowanne tana auna nauyinsa a tafin hannu, ta kai shi kusa da kunne ta buɗe ta rufe tana sauraro. A na biyar ta tsaya, wani baƙi, mummuna, mai nauyi kamar guduma. Ta sa shi a ƙyallen, ya ratsa ninki takwas ɗin ƙyat, ba gardama. Ta biya cikon da kanta, ta miƙa wa Mai Guga ta wajen hannun.

"Ranar Litinin ki zo da shi. Ki ɗaura masa jan ƙyalle kada a haɗa da nawa. Teburin yanka kuma za a ja shi bakin taga, ke za ki tsaya ta wajen hasken."

Mai Guga ta karɓa. Daɗi ya cika ta, sai hawaye.

"Kada ki jiƙa min shi ya yi tsatsa. Laraba kuma ba zan zo ba, zan ga likita."

"Idan manaja ya tambaya zan ce ciwon baya ne."

"Ciwon ido ne. Ni zan gaya masa da bakina, in kuma gaya masa wadda ta gano rinin."

Suka iso bakin matakalar da ke sauka. Ƙarafan na fitowa daga ƙasa suna ninkewa, duk launi ɗaya. Anti ta tsaya a gaɓar. Wannan karon ba ta nemi igiyar jaka ba, hannu ta miƙo a fili, mutane na gani. Mai Guga ta riƙe ta a gwiwar hannu, ta jira tudun ya fito sosai.

"Yanzu, Anti. To, ɗago ɗayar mana, ko sai kin tara mana mutane?"

"Za ki ci gidanku," in ji Anti.

Amma ba ta saki hannun ba har suka kai ƙasa.