Garayar Bahago a Sabuwar Manhaja

Jamilatu ba ta taɓa shan takaici irin na ranar Larabar nan ba, kuma Kabir ne ya jawo mata.

Su biyu ke aiki da kwamfutar shagon yayanta a Ƙofar Jatau. Tun rasuwar Bahago mai garaya a 1994 take fama da kaset-kaset ɗinsa da suka fara lalacewa. Tana saurare, tana rubuta kowane sauti da lamba, jeri-jeri, don na'ura ta kaɗa. Manhajar da take aikin da ita ba ta zo da umarnin haɗa jeri biyu ba, sai ta rubuta nata, ta sa masa suna join, wato haɗawa.

Kwatsam sai ga sabon zubin manhajar daga waje, da nasa join ɗin. Umarni biyu kuwa ba sa zama da suna ɗaya. Kabir, sarkin ɗokin sabon abu, ya goge nata ya bar na baƙi, ko shawara babu. Shi kuma na baƙin in ya haɗa jeri, duk lambar da ta maimaitu zubar da ita yake yi. A kiɗan Bahago fa! Mutumin da zai riƙe sauti ɗaya ya yi ta nanata shi har gurgu ya so ya miƙe.

"Haba Malama," in ji Kabir, "in na bar naki, duk fayil ɗin da aka aiko mana daga waje ba zai yi aiki ba. Ki sake wa naki suna mana."

"Ni na riga su! To da ka goge, ka ajiye kwafi?"

Sai ya hau sosa ƙeya.

Za ta iya sake rubutawa, amma ba yau ba. Yau kuwa ta yi wa Hajo, matar marigayin, alkawarin jiyar da ita kiɗan. Ga ta nan ma ta yi sallama, tun daga Kufena a ƙafa, da mayafinta na unguwa.

"Inna, na'urar ta ɗan samu matsala."

"Ko kaɗan ne sa mini, 'yata. Na yi kewarsa."

Jamilatu ta danna, ranta na tafasa. 'Yan sautuka suka fito ɗai-ɗai, kowanne sau ɗaya tak, sai shiru. Ta kai hannu za ta kashe, Hajo ta riƙe mata wuyan hannu.

"Bar shi. Tsirkiya yake gyarawa, yanzu zai fara."